Ninki Na Huɗu

Shekara talatin da ɗaya Farfesa ya yi yana ninke takarda a gaban yara. Duk Asabar ɗin farkon wata motocin makarantu za su juye su a ƙofar babban ɗakin taro na jami'a, a raba wa kowa dogon zirin takarda irin wanda ake sa wa injin rasit, shi kuma ya hau dandamali ya naɗe hannun riga. Ba ya faɗa musu doka tun farko. "Ku kalli hannuna, ku yi yadda na yi," shi ke nan. Sai ya ɗauki bakin dama ya kifa a kan na hagu, ya danne kari da babban yatsa. Ya sake, ya kuma sakewa, har sau biyar. Daga nan a warware a hankali, a buɗe kowane kari kamar kusurwar littafi, a tsayar da takardar a kan gefenta. Abin da ke fitowa wata halitta ce mai lanƙwashe-lanƙwashe, da kai da wutsiya, wadda rabinta ya ɗebo kamanninta, rabin rabin ma haka. Masana na kiran irin waɗannan siffofi firaktal. Yara kuwa dodo suka sa mata, shi kuma Baba Dodo.

Ba a takarda kaɗai ya tsaya ba. Ya yi rubuce-rubuce a kan yadda ake auna kaushin gaɓar teku da rassan jijiyar ido, ya kuma ƙirƙiro darasin lissafi a cikin fina-finai, wanda ɗalibai ke cika har kan taga. Zai kashe fitila ya haska wani dutse mai aman wuta, ya tsayar da hoton, ya juyo.

"Wannan dutsen babu shi a duniya. Doka ɗaya aka ba na'ura ta maimaita sau dubu. An yi muku wayo, kun kuma tafa."

Autarsa a cikin wannan ta tashi. Ɗigo ya sa mata tun tana cikin tsumma, wai don ƙanƙanta, sunan kuma ya bi ta har girma. Yanzu tana koyarwa a sashen da ya yi ritaya. A gaban idonta Dakta ake ce mata, a bayan ido 'yar Farfesa, kamar a aljihun rigarsa ta tsinci digirin. Ta sani sarai. Shi ya sa ba ta taɓa makara aji ba, ba ta kuma taɓa neman alfarma wurin kowa ba.

Ciwon mantuwar Farfesa da makulli ya fara. Daga nan sunayen abokai, daga nan hanyar gida. Jami'a ta bar masa ofishinsa da Asabar ɗin yara don girmamawa, kuma cikin wata guda wannan sa'a ɗaya ce kawai yake komawa mutumin da Ɗigo ta sani. A watan da ya wuce wannan sa'ar ma ta fara zame masa. Ya tsaya da takarda a hannu ya daɗe, sannan ya tambayi 'yan layin gaba me suka zo yi. Yara suka ɗauka wasa ne, suka yi ta dariya. Ɗigo ta karɓi takardar ta ƙarasa.

Ranar Litinin Shugaban Sashe ya aiko kiranta.

"Dakta, zauna mana."

"A tsaye ma ina ji, ranka ya daɗe."

Ya cire tabarau ya murza ido. Tsohon ɗalibin Farfesa ne, har yau in ya gan shi sai ya rusuna.

"Kin san mutumin nan shi ya koya mini riƙon alli."

"Shi ya sa kake son karɓe masa allin?"

"Haba, Dakta. Ina so yara su tuna shi da mutuncinsa. Mu yi masa taron bankwana, a ba shi kujera a gaba, a ba shi lambar yabo. Ke ki ci gaba da Asabar ɗin, wa ya fi ki iyawa?"

"A zaunar da shi kamar tukunyar fure, a tafa masa."

"Ban ce haka ba."

"Ba sai ka ce ba. Rana ɗaya mutum ya yi tuntuɓe sai a ce ƙafa ta mutu?"

"In ya sake yi fa? A gaban yara ɗari uku?"

Nan zuciya ta ɗebe ta, irin ɗibar da ta gada wurin uban.

"Ninki biyar," ta ce. "Da hannunsa, ba hannun kowa a kan takardar. In ya yi, Asabar tasa ce, ofishinsa ma nasa ne, kada a sake tayar da maganar. In bai yi ba, ni da ƙafata zan kawo maka makullin."

"Ba caca muke yi da dattijo ba."

"Kuma a kawo mai kyamara. Kada gobe a ce wai ni na yi masa."

Ya mayar da tabaransa.

"Kan nan naki, ko tantama babu, nasa ne. Na yarda."

Sati huɗu gare ta. A gida teburin cin abinci a jingine yake da bango, kujerar Farfesa a lungu, damansa bango, hagunsa kujera ɗaya da ba mai zama tun rasuwar mahaifiyarta. Nan Ɗigo ta koma zama kullum in ta dawo aiki da yamma, ta yanko ziri ta ajiye masa. Kwanakin farko abin ba kyan gani. Zai ninke biyu ya tsaya, ko ya naɗe takardar kamar tabarma, ko ya tambaye ta ko an biya masu gadi. Ta ɗiga jan tawada a gefen hagu na teburin, ya sa hannu ya goge. Ta ce ya riƙa bin hannun da agogo yake, ya cire agogon ya ba ta, wai ta kai gyara.

Gwaggo, ƙanwarsa da ta dawo gidan don jinyarsa, tana shara tana mita.

"Gidan nan takarda ta fi mutane yawa. Yaya, da ninkin nan na kayan wanki ne ai da na huta."

"Wannan matar wa ya ɗauke ta aiki?" in ji Farfesa. "Surutunta ya fi aikinta."

"Ka ji ko? Shekara sittin da biyar ina ƙanwarsa, yau ni ce 'yar aiki."

Ita Ɗigo Malama yake ce mata. Tun bara sunanta ya faɗi daga bakinsa, bai sake tsintarsa ba. Ranar farko da ya kira ta haka ta shiga banɗaki ta sake famfo don kada a ji ta. Daga baya ta koyi amsawa.

A rana ta tara ta daina gyara masa. Gajiya ce ta sa ta yi tagumi kawai tana kallonsa. Sai ya ɗauki bakin dama ya kawo hagu. Ya sake. Sau biyar, ba gargada. Ya warware, dodo ya tsaya a kan tebur cif.

"Gwaggo! Zo ki gani!"

"Na gani. Allah ya sa a ci da shi."

Washegari ya tsayar da dodo sau uku. Kashegarinta sau shida. Ɗigo ta fara tafiya a sashen da ƙarar takalmi, tana gaida Shugaban Sashe da fara'ar da ta fi zagi ciwo. Ta ce a ranta, abin da hannu ya yi shekara talatin ba ya ɓata, ƙura ce kawai ta hau, ga shi ta kakkaɓe.

"Ni fa 'yar nan," in ji Gwaggo wata yamma tana zuba shayi, "in na ba shi takarda da rana shirme yake yi. Sai kin dawo."

"Ke ba ki iya ba shi ba ne, Gwaggo."

"Oho. Miƙa takarda ma sai da digiri?"

"Kina ba shi kina yawo da tsintsiya, ina zai natsu?"

"To na ji, Dakta. Mu jahilai mun yi shiru."

Ɗigo ta yi dariya, maganar ta bi iska.

Ranar Asabar ta goge masa farar rigarsa da kanta, ta taje masa furfura, ta sa masa alƙalumansa uku a aljihu yadda ya saba. A mota yana ta kallon bishiyoyi kawai. Amma suna shiga ɗakin taron, yara ɗari uku suka ɗauka gaba ɗaya, suna buga tebur: "Baba Dodo! Baba Dodo!" Sai ta ga bayansa ya miƙe. Ya zare hannunsa daga nata, ya hau matakalar dandamali shi kaɗai.

An maƙala masa ƙaramin makirfo a wuyan riga. A gaban kowane yaro akwai zirin takarda da kati mai zanen dodo, wanda za a ɗora takardar a kai a ƙarshe a ga ta hau layi. Shugaban Sashe na zaune a layin gaba, hannu a harɗe. Mai kyamara ya durƙusa a ƙasan dandamali ta hagu. Ɗigo ta tsaya a hagun mahaifinta, taku ɗaya tsakaninsu, ta mayar da hannayenta baya ta riƙe ɗaya da ɗaya don kowa ya shaida.

"Wa ya taɓa ganin dodo?" in ji Farfesa.

Hannaye suka tashi.

"Ƙarya kuke yi. Wanda ya ga dodo ba ya zuwa makaranta ran Asabar."

Ɗakin ya fashe da dariya. Muryar ce, ita ce dai, har da ɗan tarin da yake yi kafin ya saki magana. Ya ba su labarin dutsen fim da babu shi a duniya, ya ce gajimaren da ke cikin wasannin wayoyinsu ma haka aka yi shi. Sau ɗaya ya maimaita zance, ba wanda ya kula. Ya naɗe hannun riga.

"Ku kalli hannuna, ku yi yadda na yi."

Dama ta hau hagu. Takardu ɗari uku suka yi ƙara lokaci ɗaya kamar tashin tsuntsaye.

"Ɗaya!" in ji yara.

Dama ta hau hagu.

"Biyu!"

Ɗigo ta saci kallon Shugaban Sashe. Ya warware hannayensa, ya matso bakin kujera, leɓensa na ƙirga tare da yara.

"Uku!"

"Dakta," in ji mai kyamara ƙasa-ƙasa. "Dakta! Kafaɗarki. Hannun Baba ba ya fitowa, ke kaɗai nake ɗauka."

Abin da ta sa aka kawo kyamarar dominsa ke nan: hannayen nan biyu, su kaɗai, ba ita a ciki. Ta hango ranar da za ta kunna hoton a taron sashe ta zauna ta yi shiru. Bayanta tulin kujeru ne da wayoyin lasifika, ba wurin ja da baya. Sai ta zagaya ta bayansa a hankali, taku huɗu, ta tsaya a damansa.

Farfesa ya kai hannu zai ɗauki bakin takarda, ya ɗan waiga hagu. Ba kowa. Hannun ya tsaya a sama. Ta ga wuyansa ya ƙage, idonsa na yawo a kan tulin kujeru, a kan labule, a kan mai kyamara. Sannan ya juyo dama ya gan ta. Fuskarsa ta saki, kamar yaron da ya hango uwarsa a kasuwa. Ya ɗauki bakin hagu ya kifa a kan na dama, ya kawo shi wajenta, ya danne kari.

"Huɗu!"

Sai a lokacin maganar Gwaggo ta dawo mata. Ashe ba dama da hagu ya tuna ba. Sati uku ba hannu ne ya farfaɗo ba, ba atisaye ba ne, ba dabararta ba ce. Inda take, nan yake kai takarda.

Ta kuma san abin da ba wanda ya sani a ɗakin sai ita da mutumin da ke layin gaba. Ninki na huɗun bai ɓata komai ba tukuna, karinsa daidai yake da na kullum. Illarsa ɗaya, ya kifar da ƙunshin takardar, cikinta ya koma ƙasa. Na biyar a bayanta zai sauka, kuma na biyar shi ne mai kari goma sha shida. Gyaran ba wuya. Yatsa biyu, a juya ƙunshin, shi ke nan. Hannunta na dama ya fara zamewa daga riƙon na hagu. Shugaban Sashe ba takardar yake kallo ba, hannun nata yake kallo.

Ta mayar da shi baya. Ta sunkuya kusa da kunnensa.

"Baba, juya ta. Juya takardar."

Ya ɗago ya dube ta sama da ƙasa, makirfo ya kwashi muryarsa ya watsa har bangon ƙarshe.

"Malama, a ajina ba a satar amsa."

Yara suka kwashe da dariya, har da masu faɗowa daga kujera. Shi ma ya yi murmushin jin daɗi, ya ɗauki bakin takarda ya sake kawowa wajenta.

"Biyar!"

Aka fara warwarewa. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar takarda. Daga can baya wata murya ta ce, "Nawa bai hau ba." Wata ta ce, "Nawa ma." Kafin ka ce kwabo maganar ta cika ɗakin, yara na juya kati, suna leƙa na maƙwabta, malamansu na bin layi suna gwadawa. Ba na wanda ya hau. Duk iri ɗaya suka fito, domin duk yadda ya yi suka yi. Ƙashin bayan na dodo ne, amma ƙananan gaɓoɓin nan goma sha shida kowace ta juya inda ba nan ba.

Farfesa ya ɗora nasa a kan kati. Ya gyara, ya sake gyarawa.

"Wannan ba dodona ba ne," ya ce. "Wa ya taɓa mini takarda?"

Ba wanda ya yi dariya. Ya ɗago ya dubi fuskoki ɗari uku, ya dubi fitilu, bayan da ya miƙe ɗazu ya koma ya ranƙwafa.

"Ina ne nan?" Lasifika ta maimaita. "Don Allah, ina ne nan? A kira mini matata."

Ɗigo ta sa hannu ta cire makirfon daga wuyan rigarsa. Ta riƙe tafinsa da hannu ɗaya, ta kai makirfon bakinta da ɗayan. Ta rantse ba za ta yi kuka a ɗakin nan ba.

"Kowa ya ajiye kati," ta ce. "Ku sa yatsa a kan takardarku, daga kai. Ku bi ta a hankali har wutsiya. Wanda ya ga inda layin ya haura ta kan kansa, ya ɗaga hannu."

Kawuna suka sunkuya. Ta jira. Ba hannun da ya tashi.

"Babu, ko? Zai zo ya taɓa kansa a kusurwa, ya juya, ya wuce. Ko ta ina aka ninke takarda, ko an yi daidai ko an kuskure, layin ba ya sarƙewa. Wannan da ke gabanku ba dodon kati ba ne, ɗan'uwansa ne, shi ma yana da lissafinsa. Wanda ya koya mini haka ga shi nan tsaye. Ku tashi ku gaishe shi."

Suka tashi. Ba ta tsaya jin tafin ba. Ta sauko da shi matakala ɗaya bayan ɗaya, yana tambayarta ko an sallami ɗalibai, tana cewa an sallame su.

A baranda Shugaban Sashe ya cim musu. Ya rusuna wa Farfesa, Farfesa ya tambaye shi ko shi ne direba. Sai da ta zaunar da uban a mota ta rufe ƙofa sannan ta juyo.

"Ni na matsa," ta ce. "Laifina ne. Da na tsaya inda nake da ya gama."

"Na gani, Dakta. Idona a kansa yake."

"To ka sani ba hannunsa ba ne ya gaza."

"In an ƙara masa wata Asabar fa? Mu kafe ki da ƙusa a hagunsa?"

"Ku kafe ni."

"Har yaushe?"

Ta waiga wajen mahaifinta. Ta gilashin mota tana ganinsa yana ƙoƙarin ɓalle maɓallin hannun riga, ya kasa.

"Ki bar maganar makullin nan," in ji Shugaban Sashe, muryarsa ta yi laushi. "Ba wanda ya ji mu. Ya riƙe ofishinsa, Asabar ɗin kuma mu sake dubawa."

Tayin da ta yi sati huɗu tana yaƙi a kai ke nan, an miƙo mata shi a tafin hannu. Amma lasifikar nan ba ta bar kunnenta ba. Ina ne nan. Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana mallakar ɗakin, yau a ciki ya roƙi a kira masa matar da ya binne da hannunsa, kuma ita ta hau da shi. Ta tambayi kanta wa ya fi bukatar Asabar ɗin nan, shi ko ita, amsar ba ta yi mata daɗi ba.

"Magana na yi, ranka ya daɗe," ta ce. "Ba a yi mini ragi."

Ranar Litinin da ƙarfe takwas ta ajiye makullin a kan teburinsa. Kayan ofishin kwali shida suka ci. A aljihun tebur na ƙasa ta tarar da dodanni fiye da hamsin, sun yi ja don tsufa, waɗanda yara suka ba shi, kowane da suna da aji a wutsiya. A can ƙarƙashi akwai wani ƙarami, karkatacce, ninki uku kacal, da tabon yawu a gefe. Da rubutunsa ya sa: Ɗigo, shekara huɗu. Ta sa shi a jaka, ta kulle ƙofa, ta bi baranda kanta a sama. Mai kyamara ya tare ta da hoton a ɗan faifai, yana ba da haƙuri. Ta karɓa ta yi godiya. Ba ta taɓa kunnawa ba.

Da yamma ta tarar da Farfesa a kujerarsa ta lungu, Gwaggo na kwashe kofuna. Gwaggo ta dube ta, ta dubi kwalayen da ke bakin ƙofa, ba ta ce ai na faɗa miki ba. Ta ƙaro mata sukari a shayi kawai.

Ɗigo ta yanko ziri ta ajiye masa. Maimakon ta zauna, sai ta janye teburin daga bango, ta raɓa ta tsaya a damansa. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ya kawo takardar wajenta. Ta zagaya hagu. Ya biyo ta da ita. Ta tsaya nan tana kallon furfurar da ta taje shekaranjiya, hawayen da ta hana ɗakin taro suka zubo, ba ta share ba.

Ta mayar da teburin jikin bango, ta ja kujerar hagu ta zauna, ta ba shi sabon ziri. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Ya warware a hankali, yana buɗe kowane kari da farce. Dodo ya tsaya cif, ba gaɓar da ta kauce.

Ya ɗauke shi da hannu biyu ya miƙa mata.

"Malama, in za ki wuce ta gidana, ki kai wa Ɗigo. Tana son su." Ya ɗaga yatsa. "Amma ki sa ido, kada ta sa a baki."

"Zan kai mata, Farfesa."

"Yarinyar akwai kai. Taurin kai ne dai ya yi mata yawa."

"Haka ake faɗa."

Gwaggo ta fito da tsintsiya, tana jan hanci, wai ƙura ce ta shiga mata ido.

"To 'yar nan, ɗan matsa in share ƙarƙashin nan. Takardun Yaya sun cika wurin."

"Share ta can, Gwaggo," in ji Ɗigo, tana yanko wani zirin. "Nan ba na matsawa."